Neman kalma: kamfanin da uwarsa ke wata ƙasa

Mai Fassara: Jama'a a agaza, gobe da safe zan miƙa fassara. Rubutun yana bayanin yadda kamfanin da uwarsa ke ƙasar waje yake farawa da aikin da aka yanka masa, ya koyi sana'ar, har ya kai ga ƙera nasa. Misalin da aka kawo Bangalore ne a Indiya: kamfanin Amurka Texas Instruments ya buɗe wurin tsara kayan lantarki a can a 1985, GE, shi ma na Amurka, ya buɗe cibiyar bincike a 2000, kuma injiniyoyin GE na can ne suka ƙera ƙaramar na'urar auna bugun zuciya mai aiki da batir, mai rahusa. Me zan kira irin wannan kamfani, wato subsidiary? Innovation capability fa?

Ɗan Rediyo: Reshe kawai, ƙanwata. Na biyun kuma ƙwarewar ƙirƙira.

Akanta: A'a. Reshe ba shi da rajistar kansa. Wannan yana da rajista da daraktoci, ana iya kai shi kotu shi kaɗai. Hannun jarinsa ne ke hannun uwar.

Malamin Hausa: Tunda muna cewa uwar kamfani, ku ce kamfanin goyo. Shekara uku ina koyar da shi haka.

Mai Fassara: Malam, ta yi daɗi, amma ɗan goyo ba ya ƙera abin da uwa za ta karɓa ta kai kasuwannin duniya. Zuciyar rubutun ke nan: suna ɗaukar injiniyoyin ƙasar, suna hulɗa da jami'o'i da masu saye, su nuna bajinta a ƙaramin aiki, sannan hedkwata ta sakar musu babba.

Malamin Hausa: To ai yaye ke nan! Kalmar ta ma ba ki hanya.

Ɗan Rediyo: Mai sauraro zai zaci kamfanin zanin goyo ne. Gara ma sabsidiyari.

Malamin Hausa: Haba! Wannan kasalar ce ke kashe harshe. Kullum sai aro?

Ɗan Rediyo: Kamfani da injiniya daga ina suka zo, Malam?

Akanta: Ku bar wannan. Kamfanin da ke ƙarƙashin uwa, a taƙaice kamfanin ƙarƙashi.

Mai Fassara: Na ɗauka, ko da yake tana da nauyi a baki. Ƙwarewar ƙirƙira kuma ba ta nuna cewa a hankali ake tara ta ba, zan ƙara "gina" a gabanta.

Malamin Hausa: Ki sa goyo ko sau ɗaya ne, a sakin layi na farko.

Mai Fassara: Yaye zan sa, Malam. Goyo sai wani jiƙon.