Rigimar "ƙauyawa" a zauren telolin Zamfara

Maman Ilham: Salam 'yan uwa. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina ko da za a ce na cika mita. Wallahi ɗinki ya lalace a Gusau, ba mai zama ya yi tunani ya fito da sabon abu. Kafin ƙaramar sallah na zauna na ɓata ƙyallaye har na fitar da wani hannun riga, tattara daga gwiwar hannu sai ya buɗe ta ƙasa na bi bakin da zaren surfani, na ɗinka wa wata amarya na ɗora a status, ba a rufa sati ba na gan shi jikin 'yan mata a Tudun Wada an ɗinka shi a karkace kuma a rabin kuɗina. To in duk abin da ka ƙirƙiro ƙauyawa za su kwashe su ɓata, mene ne amfanin wahalar da kai? Ni yanzu kaina ya toshe, abin da kwastoma ta nuna min a waya shi nake ɗinkawa in amshi kuɗina. Kwaikwayo ya kashe ƙirƙira, wanda bai yarda ba ya fito.

Anti Balki: Wallahi gaskiya kika faɗa 'yar uwa, Allah ya saka miki

Sani Ƙaura: Wa alaikumussalam. Hajiya su wa ne ƙauyawan?

Maman Ilham: Malam Sani ban kira sunan kowa ba

Sani Ƙaura: Ai gara ki kira. Don mun san halinku mutanen Gusau, duk wanda bai zamna Sabon Gari ko Samaru ba baƙauye na wurinku. Mu da munka koyi ɗinki Ƙaura Namoda mi munka zama kenan?

Nura Mai Monogiram: Oga Sani cewa ta yi a Tudun Wada ta gani, Tudun Wada kuwa cikin Gusau take, ina ruwan Ƙaura a ciki

Sani Ƙaura: Nura bari, ka san abin da taka nuhi. Kuma in maganar wayewa za a yi, jirgin ƙasa tun 1929 ya iso Ƙaura, nan layin dogo ya ƙare. Muna da Federal Poly tun 1983. Gusau sai 1996 ta zan babban birnin jiha, kahin nan duk Sakkwato muka kallo da mu da ku.

Anti Balki: To shi jirgin ta sama ya bi ya sauka Ƙaura? Ba sai da ya ratsa Gusau ba? Kuma masaƙa a ina take in ba Gusau ba

Sani Ƙaura: Masaƙar da ta daɗe a ruhe? Je ki sawo mani yadi biyar can in gani

Anti Balki: Kai ma je ka hau jirgin in gani

Ɗan Mafara: Ku yi ta yi, mu na Talatar Mafara muna gefe da dam ɗinmu na Bakolori, duk wanda ya gaji ya zo ya sha ruwa 😂

Hauwa'u Tsafe: Ni ba wasa ya kawo ni ba. Anti Maman Ilham kalmar nan ta yi min zafi. Da yawa cikin matan da kike gani da keke ɗaya a zaure ko a ɗakin haya a gefen gari ba son ransu ya kawo su Gusau ba, 'yan bindiga suka tashe su daga garuruwansu, wata da keken kawai ta tsira, tana ɗinki da araha ne don ta samu na tuwon yara ba don ta karya miki kasuwa ba. Sai ki kira ta baƙauya don ta ga hannun riga ta gwada?

Maman Ilham: Hauwa'u kar ki sa min magana a baki don Allah. Ni ƙauyanci nake nufi a aiki, wanda zai ɗinka abu a karkace ko a GRA yake zaune baƙauye ne

Sani Ƙaura: Yanzu kuma an canza

Maman Ilham: Ban canza komai ba, ku ne kuka ga dama kuka fassara

Baba Tela: Assalamu alaikum. Yara ku saurara. Hajiya ta yi tambaya kun bar ta kun kama jirgi. Ni tun ana ɗinki da keken ƙafa ba wuta ba janareta nike cikin sana'ag ga, kuma tun can ana kwaikwayo. Aska takwas da aska biyu da ke jikin babbar riga wa ya san wanda ya fara zana su? Kowa gani ya yi wurin ubangidansa ya ƙara nashi. Abin da ya toshe maku kai waya ce. Ku tuna watan Satumba na 2021 da anka datse sabis a jihag ga baki ɗai, mutane har Funtuwa suka tahiya don su buga waya. Lokacin ba mai zuwa da hoto ya ce irin wanga nika so. Yaran shagona dole sunka koma takarda da alli. Na buɗe masu adakar tsohin riguna, saƙi da tsamiya, na ce ku dubi yadda anka kama wuyan nan, ku dubi aljihu. Wani yaro ya ɗauki zanen aljihun babbar riga ya rage shi ya ɗora gaban kaftani na yara, har yau ana zuwa nemanshi. Ni abin da nika yi, buhun ƙyalle ba a zubar da shi shagona, ran Juma'a bayan an sauko masallaci ba a taɓa kayan kwastoma, kowa ya ɗebi ƙyalle ya ɗinka abin da ranshi ya ba shi ko da shirme na. Cikin shirmen ake tsintar na kirki. In an kwaikwaye ka kuma ai kafin su iya wanga ka wuce gaba.

Anti Balki: Allah ya ƙara girma Baba

Nura Mai Monogiram: Baba da girmanka amma ba waya ce matsala ba, ni a waya nake ganin aikin Kano da na Senegal in haɗa in fitar da nawa a kwamfuta

Sani Ƙaura: Nura kai ma har kana da bakin magana kan ƙirƙira? Inji ka yi maka aiki, kai dai danna maɓalli. Ku kunka kashe masu aikin hannu

Nura Mai Monogiram: Zo ka danna mu gani in sauƙi ne. Ka san nawa nake zuba wa janareta a rana tun da aka cire tallafin mai a 2023? Mai zare da allura me yake kashewa?

Hauwa'u Tsafe: Idonsa yake kashewa

Ɗan Mafara: Hauwa'u ta gama da kai Nura, kwashe injinka 😂

Nura Mai Monogiram: Ɗan Mafara kai da ko sallar bara sai da aka biyo ka gida da kayan mutane ba ka ɗinka ba, ka yi shiru kawai

Ɗan Mafara: Kawo shaida. Wa ya biyo ni? A nan zauren akwai wanda bai taɓa saɓa alkawarin sallah ba ya ɗaga hannu

Anti Balki: Ni

Ɗan Mafara: Anti ji tsoron Allah

Maman Ilham: Kun gani ko, abin da nake faɗa kenan. Na kawo magana mai muhimmanci an mai da ita wasa. Baba na ji shawararka amma kai kana da yara a shago, ni kaɗai ce da 'yar koyo ɗaya, in na ba ƙyalle yini guda wa zai biya min hayar shago? Shadda da leshi daga Kantin Kwari ake ɗauko su kuɗin mota kullum ƙaruwa yake, kwastoma kuma ta zo tana cewa wance ta ce za ta yi min a rabin haka

Sani Ƙaura: Ki janye kalmar ƙauyawa tukuna sannan mu yi maganar haya

Maman Ilham: Ba zan janye abin da ban faɗa da nufin da kuka ɗauka ba

Hauwa'u Tsafe: To ni ma tambaya ɗaya Anti, hannun rigar nan mai tattara, kin rantse ba ki taɓa ganin irinsa a Instagram ba kafin ki yi naki?

Maman Ilham: Irinsa daban nawa daban

Sani Ƙaura: Tammat

Anti Balki: Hassada ce kawai ke damunku, ku fitar da naku mana a gani

Baba Tela: Ni na tahi masallaci

Admin Kabiru: Jama'a ya isa haka, sama da awa biyu waya na ta ƙara. Bari in taƙaita yadda na fahimta. Maman Ilham ta kawo koke na gaskiya kuma kusan kowa ya yarda cewa satar sitayil na kashe wa masu basira gwiwa, musamman mu da ke cikin Gusau da muke fitar da sabon abu a kwasa. Kalmar da ta yi amfani da ita ta riga ta yi bayani, aiki take nufi ba mutane ba, wanda ya ji haushi shi ya san dalilinsa. Baba ya ba da shawarar ƙyalle ran Juma'a, mai hali ya gwada. Oga Sani kai ka karkatar da zancen da tarihin da ba wanda ya tambaye ka, daga yau duk wanda ya sake kawo maganar jirgin ƙasa a zauren nan zan cire shi. Hauwa'u ki riƙa girmama na gaba da ke. Nura da Ɗan Mafara ku ƙarasa taku ta waya. Na rufe zaure sai bayan isha'i, masu bashin kuɗin ƙungiya na wata biyu kuma ku turo kafin Asabar.