Tambaya akan wasiƙar Bulus zuwa ga mutanen Korinti

Abu Sumayya (Madina):
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya san tarihin Kiristocin farko ya taimaka min. Duktur ɗinmu ya bamu bahasi akan wasiƙun Bulus, ni aka haɗani da ta farko da ya rubuta wa mutanen Korinti, wai lokacin kansu ya rabu. Abinda nakeso in gane, rabuwar nan akan aƙida ce ko me? Littattafan da na samu a maktaba duk raddi ne, ba wanda ya tsaya ya faɗi abinda ke cikin wasiƙar ita kanta.

Maman Joy (Riyad):
Sannu ƙanina, ni Kirista ce, aikin asibiti ya kawoni nan. Mu muna ce mata Korintiyawa ta Fari, sura 16 ce, in ka zauna da yamma ɗaya zaka gama ta. Tun a sura ta 1 Bulus yace mutanen gidan wata mata Kuluwi ne suka kai masa labari ana rigima, wannan yace shi na Bulus ne, wancan yace na Afolos, wani na Kefas wato Bitrus, wasu kuma sukace su na Almasihu ne kawai. Afolos ɗin mutumin Iskandariya ne, ga baki ga sanin Nassi, bayan tafiyar Bulus ya zo garin, to kasan mutane da mai iya magana. Kuma su malaman ba faɗa sukeyi ba fa, a sura ta 16 ma Bulus yace shi da kansa ya roƙi Afolos ya koma musu. Mabiya ne suka ɗauki zafi. Har yace ya gode Allah da bai yi wa kowa baftisma a cikinsu ba sai Kirisbus da Gayus, sai kuma ya tuna da iyalin Istifanas, don kar wani ya tashi yace da sunansa akayi masa. Shi ya shuka, Afolos yayi banruwa, Allah ne ya sa ya girma, haka ya raba gardamar.
Amma ni wajen da yafi taɓani sura ta 11 ce. Lokacin babu ginin coci, a gidan wani mai hali ake taruwa, kuma jibin Ubangiji, wato abincin da muke ci tare don tunawa da mutuwar Almasihu, cin abinci ne sosai ba ɗan gutsuren burodi ba. Masu kuɗi su zo da wuri da girkinsu su ci su sha har wani ya bugu, bawa ko lebura da sai ya tashi aiki ya iso ya tarar an suɗe kwano, ya zauna da yunwa yana kallo, wai kuma duk 'yan'uwa ne. Yace musu ashe baku da gidajen da zaku ci ku sha, sai kun kunyata marasa shi? In kun taru ku jira juna.

Ɗan Takari (Makka):
Hhhh na wane da na wane, wlh sai kace comment ɗin Facebook in malamai biyu sun saɓa. Anti Allah ya ƙara sani.

Malam Sabi'u (Jidda):
Wa alaikumus salam. Ustaz ka fara da garin tukuna, shi zai buɗe maka komai. Korinti a Girka take, Rumawa sun rusa ta shekara 146 kafin miladiyya, Yuliyas Kaisar ya sake kafa ta a 44 kafin miladiyya, aka zuba mata 'yantattun bayi da yawa, ga tashar jirgin ruwa biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowa neman kuɗi da suna yake. Bulus yayi shekara ɗaya da rabi a can yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa, an gurfanar dashi gaban gwamna Galiyo, kuma wani rubutun dutse da aka tono a Delfi ya nuna mulkin Galiyo wajen 51 zuwa 52 miladiyya ne, dashi ake ƙiyasta lokacin. Wasiƙar kuma daga Afisa ya rubuta, tsakanin 53 da 55, kuma a sura ta 5 ya ambaci wata da ya aika musu kafin ita, wadda bata iso garemu ba.
Aƙida na ciki, a sura ta 15 akwai masu cewa babu tashin matattu. Amma ka ƙirga sauran, wani na zaman aure da matar ubansa an zuba masa ido, suna kai ƙarar juna kotun arna, ana jayayya akan naman da aka yanka wa gumaka, a wajen ibada kowa na so a ji muryarsa. A ganina girman kai da bambancin mai shi da mara shi sun fi yawa. Ka kawo abinda ya faɗa daidai da lambar sura da aya, sannan ka yi naƙadinka.

Maman Joy (Riyad):
Malam ka faɗi daidai. Sura ta 13 ɗin nan ta ƙauna da ake karantawa a bikin aure, faɗa ne fa yake musu akan masu taƙama da baiwarsu.

Malam Sabi'u (Jidda):
Haka ne Maman Joy. Ustaz ka ƙara da wannan, wajen shekara ta 96 ikilisiyar Rum ta sake aika musu wasiƙa, wadda ake jingina wa Kilemen, ɗaya daga shugabanninta, saboda sun tuɓe wasu dattawansu daga shugabanci, kuma a ciki an ce su ɗauko wasiƙar Bulus su sake karantawa. Akwai tarjamarta a intanet.