Insomniya: "rashin barci" ko "gagarar barci"?

Jama'a, ku taya ni da wata kalma. Abin da likitoci ke kira insomniya mun saba ce masa "rashin barci", ni kuwa sunan bai kwanta mini a rai ba.

Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki ta yi rashin barci. Uwar da jariri ya hana ta runtsawa ma ta yi. Amma ba su gado da shiru ka gani, nan take za su yi nisa. Mai insomniya kuwa ga gado, ga lokaci, ga shiru, barcin ne ya ƙi zuwa. Ko ya zo yana yankewa, ko mutum ya farka da sauran dare ya kasa komawa. Likitoci ba sa lissafa ta a larura mai daɗewa sai ta kai dare 3 a mako har tsawon wata 3, kuma tana bin mutum har rana: kasala, saurin fushi, kasa tattara hankali.

Shi ya sa na fi son "gagarar barci". Dama muna cewa "barci ya gagare ni", kuma abu ba ya gagarar mutum sai ya nema bai samu ba.

Wani malam ya kawo shawarar a ce "ƙauracewar barci", na gode masa, tana da daɗi a kunne. Sai dai abin da ya ƙaurace ya tafi ke nan, alhali mai wannan larura yana samun barcin, isarsa ne ba ya yi. "Kwanan zaune" kuma na fargabar dare ɗaya ne.

Kada a ce gardamar suna ce kawai, don shawarar da za a ba mutanen biyu ta bambanta. Mai rashin barci sa'o'in kwanciya yake bukata. Ka ce masa ya tashi ya yi gudu, ka ƙara masa gajiya. Mai gagarar barci shi ne motsa jiki ke yi wa rana. Tun daga farkawa wani sinadari mai suna adenosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sa ido ya yi nauyi da dare, jikin da ya yi aiki kuma ya fi saurin miƙa wuya. Motsa jiki yana rage damuwar da ke sa mutum juye-juye a shimfiɗa, in kuma a waje aka yi, hasken rana yana daidaita agogon jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, irin tafiya da sauri, hawan keke ko iyo. Ba dare ɗaya ake ganin cikakken amfanin ba, sai an ɗore makonni. Atisaye mai tsanani dab da kwanciya ma yana iya jinkirta barcin, domin sai zafin jiki ya sauka, bugun zuciya ya lafa, sannan yake zuwa. In kuma larurar ta kai wata 3 ɗin nan, a ga likita, motsa jiki taimako ne kawai.

To ni dai na tsaya a nan: "gagarar barci" ga insomniya, "rashin barci" ga wanda bai samu damar kwanciya ba. Saura guda: barcin da mutum ke tashi garau bayansa, "ingancin barci" za mu ce, ko "ƙoshin barci" ya fi kama bakin Bahaushe?