"Ɗan hakin da ka raina": idan kuma ba zai iya tsone ido ba fa?

Mai Yadi, Wunti: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya wani dattijo ya shigo shagona a kasuwar Wunti, rigarsa ta koɗe, silifas ɗinsa ɗaure da waya. Ya yi sallama, yaron shagona ya amsa ko ɗaga kai bai yi ba, alhali ɗazu ya kakkaɓe wa wani mai shadda kujera. Da tsohon ya tafi na ce, "Kai, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido." Sai ya ce, "Baba, ai wannan ba shi da abin tsone wa kowa ido." Na yi masa faɗa, amma maganar ta kwana tana cina. Karin maganar nan girmama mutum take koyarwa, ko tsoronsa?

Ɗan Azare: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaro ne, bai san duniya ba. Ya je Mararrabar Liman Katagum ranar kasuwa ya ga makiyayi da takalmin roba, ƙura har gwiwa, kuɗin bijimi uku a aljihu. Ba a gane mai shi a riga.

Uwar Biyu, Yelwa: Malam Ɗan Azare, ai ka ƙarfafa wa yaron gwiwa ne. Kana nufin a mutunta mai tsumma don wataƙila da kuɗi a ƙarƙashin tsumman. To wanda aka tabbatar ba shi da ko sisi fa? Almajirin da ke ƙofar gidana na san ba zai amfane ni da komai ba. Idan don tuwon gobe kaɗai ake wanke tukunya, tasa tukunyar wa zai wanke?

Malamin Islamiyya: Hajiya ta taɓo wurin. Karin maganar gargaɗi ce ga mai girman kai, kuma a nan ta tsaya. Asalin abin yana cikin Suratu Abasa. Manzon Allah (SAW) yana magana da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin su musulunta, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya zo yana tambaya, aka ɗaure masa fuska, sai ayoyi suka sauka. Ku lura, mutumin da ba ya ganin fuskar ma aka yi wa wannan gata. Babu inda aka ce a kula shi don gobe zai zama wani. Suratul Insan, aya ta 9, ta yabi masu ciyarwa da ba sa neman sakayya ko godiya. Hadisin Abu Huraira kuma ya ce Allah ba ya duban surarku da dukiyarku, zukatanku da ayyukanku yake dubawa.

Ɗan Azare: Na karɓi gyara a kan riga da kuɗi, Allah gafarta Malam. Amma mai mugun hali fa? Na ba wani maƙwabci bashi sau biyu, ya cinye, ya bi gari yana zagina. Hausawan nan dai su suka ce rama cuta ga macuci ibada ne.

Uwar Biyu, Yelwa: Kada ka sake ba shi bashi, mumini ba a saransa sau biyu a rami ɗaya. Amma idan ɗansa ya kwanta ciwo, ka je dubiya. Hana shi kuɗinka daban, hana shi sallama daban. Shi ya sa ni na fi son "shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma", don ba ta tambayi wane ne baƙon ba.

Ɗan Azare: Dubiya zan iya, Hajiya. Sakin fuskar ne har yanzu yake yi mini nauyi, ku sa ni a addu'a.

Mai Yadi, Wunti: Allah ya sassauta maka. Ni ma na gano laifina: yaron nan shekara huɗu yana kallon wanda nake miƙewa tsaye in tara da wanda nake amsa wa daga zaune. Tsohon ya ce zai dawo ranar Asabar ya karɓi yadi biyar na ɗinkin jikarsa. Ni zan ba shi kujerata, yaron yana gani.