Yaro namiji ya kai aji biyar bai iya karatu ba: me kuka ga ya yi aiki?

Malamin firamare, Bauchi: Assalamu alaikum. Kun san irin yaron da nake nufi. In ana karatu baki ɗaya muryarsa ta fi ta kowa, amma a miƙa masa takarda shi kaɗai, sai ya hau sosa ƙeya. Malamai da iyaye, ku kawo abin da kuka gwada.

Malamar aji uku, Azare: Wa alaikumus salam, Malam. A fara gano inda ya maƙale. A keɓe shi minti 5 da takarda ɗaya: haruffa 10, gaɓoɓi 10 (ba, ki, tsa, ƙwa), kalmomi 5, sai labari mai jimla 4 wanda bai taɓa ji ba. Kada a gwada shi da littafin aji, ya riga ya haddace shi, hoton kawai zai kalla ya zuba. Inda ya tsaya, nan za a fara. Yawanci b da d ne ke rikita su, sai ɓ da ɗ, sai tagwayen baƙaƙe irin su ts, sh da ky.

Malamin allo, Misau: Malama ta yi gaskiya. Ƙari ɗaya: yaron da ya wuce babbaƙu da farfaru a makarantar allo ya riga ya san haɗa baƙi da wasali. A gaya masa a, i, u su ne fataha da kisira da rufu'a, sai a ƙara masa e da o. Abin da ke ba shi wahala shi ne ɓangaren da ake farawa, don idonsa ya saba tashi daga dama. Ya riƙa ɗora yatsa ƙarƙashin kalma yana ja daga hagu har ya saba.

Mai horar da malamai, Bauchi: Littattafan Mu Karanta da aka raba a jihar nan ƙarƙashin shirin inganta karatun firamare na NEI Plus na aji ɗaya zuwa uku ne, kuma tsarin gaɓoɓinsu na da kyau. Sai dai ɗan shekara 12 ba zai yarda abokansa su gan shi da littafin 'yan aji ɗaya ba, gara a ce masa taurin kai ne da shi. Ku kwafe darasin a kwali, ba tare da sunan aji ba. Ku haɗa yara 6 zuwa 8 bisa inda suka tsaya, ko da azuzuwansu daban. Minti 20 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Malami ya karanta, a karanta tare, sannan yaro ya karanta wa na kusa da shi. Tsayar da shi gaban allo, 'yan mata na dariya, ga bulala, wannan ne ke sa ya fara tsallake katanga bayan tara.

Mahaifi, Gombe: A gida, a ba shi karatun da ke da amfani nan take. A rubuta masa cefane maimakon a faɗa da baki. In yana zuwa wajen bakanike, a jera masa kayan babur: fulogi, kaca, birki, taya. Kuma a daina karɓar saƙon murya daga wurinsa, ya rubuta. Labarin wasan ƙwallon Gombe United da Wikki Tourists ma yana jan su.

Malamar aji uku, Azare: Alhaji, a yi hattara da ƙwallon nan. Sunayen 'yan wasan Turai da rubutun Turanci suke, suna rushe masa sautin da ya fara kamawa. In za a yi, malami ya rubuta labarin wasan da Hausa, layi 5 ko 6. Kuma jerin kalmomi ba ya kai yaro ga karatu mai tsawo. Dole a kai shi ga labari: farauta, dambe, kokawa. A karanta masa da murya, a tsaya daidai inda ya yi zafi, a bar takardar a kan benci.

Malamin firamare, Bauchi: To lokacin kaka fa? Daga Oktoba rabin mazan suna gona.

Mai horar da malamai, Bauchi: Takarda ɗaya a ninke ta shiga aljihu, gaɓoɓi a gaba, gajeren labari a baya, a canza duk Juma'a. In sun dawo, a sake gwajin minti 5 ɗin nan kafin a mayar da kowa rukuninsa, don wasu sun koma baya.