Neman kalma: me za mu kira "opinion poll" a rediyo?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Ƙarfe 4 na yamma zan shiga situdiyo in yi bayani kan aikin Afrobarometer, ƙungiyar nan da ke bi gida-gida tun 1999 tana tambayar 'yan Afirka yadda suke ganin dimokuraɗiyya da shugabanninsu. Na saba cewa "ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a", amma duk ranar da na faɗa sai an bugo waya ana tambaya yaushe aka yi zaɓen ba a sanar da mutane ba. A taimaka.

Malamin Hausa daga Zariya: Masu sauraronki na da gaskiya. Ƙuri'a kaɗa ta ake yi, kuma tana yanke hukunci, kamar ta raba gardama da ta ba Sudan ta Kudu 'yanci a 2011. Wannan kuwa tambaya ce kawai. Ki ce "binciken jin ra'ayin jama'a".

Tsohon tafinta: Ya yi tsawo, Malam, kuma bincike na 'yan sanda ne. Na daɗe ina cewa "ɗanɗanon ra'ayi". Uwargida ba ta shanye tukunya kafin ta san gishiri ya ji, cokali ɗaya ya isa, muddin ta motsa miyar. Mutum 1,200 zuwa 2,400 Afrobarometer ke tambaya a ƙasa guda, to shi ne cokalin. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta tara amsa fiye da miliyan 2 ta ce shugaban ƙasa Roosevelt zai faɗi, ya ci da gagarumin rinjaye. Ta ɗebo daga saman tukunya ne, wajen masu mota da wayar tarho.

Ɗalibar lissafi: Baba, misalin ya yi kyau, amma ai wannan cokalin sunansa samfur. Ko a kasuwar Dawanau haka ake cewa.

Tsohon tafinta: Samfur Turanci ne aka sa wa hula, 'yata.

Wani daga Maraɗi: To ra'ayi fa? Larabci ne, ƙuri'a ma haka. Mu a nan "sondage" 'yan boko ke cewa. Abin da ke damuna, kullum sai abin da aka ji a bakin Kano ko Landan ke zama daidaitacciyar Hausa, mu ba a tambayar mu.

Malamin Hausa daga Zariya: Ba a raina ku ba, ɗan'uwa. Kawo taku mu gani.

Wani daga Maraɗi: "Awon ra'ayi". Ana awon hatsi, ana awon ciki.

Tsohon tafinta: Awo yana nuna an auna duka. Ɗanɗano ne kawai ke gaya wa mai sauraro cewa kaɗan aka ɗiba, kuma ana iya kuskure.

Mai shirin rediyo: Saura minti 20. Zan ce "binciken jin ra'ayin jama'a", in cire ƙuri'a gaba ɗaya. Misalin miyar zan yi amfani da shi wajen bayani, Baba, amma ba zan iya sa shi a kanun shiri ba.

Tsohon tafinta: To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai ban janye ba. Kuma ki faɗa musu mutum nawa aka tambaya.

Ɗalibar lissafi: Samfur ɗin fa, me muka tsayar?