Wai daga ina gidajen tsofaffin nan na Amurka suka samo asali?

Ummu_Hanan:
Salam 'yan uwa. Don Allah mene bambancin gidan jinyar tsofaffi da wannan ɗayan da tsoho ke zaman kansa a ɗakinsa, ma'aikata na taimaka masa da wanka da magani kawai, wanda suke kira assisted living? Na ji ance a Amurka sun cika ko'ina, tun yaushe aka fara su ne?

Malam_Sabo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Gidan jinya shi ya riga zuwa, ya yawaita ne bayan 1965 da aka kafa Medicare da Medicaid, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, kuɗin gwamnati ya shigo harkar. To amma tsarin asibiti aka bi, gado biyu ɗaki ɗaya da labule a tsakani, a tashe ka sanda ma'aikata suka ga dama, abinci da lokacinsa ko kana jin yunwa ko baka ji. Shi kuma ɗayan, wata mata ce a jihar Oregon, Keren Brown Wilson, mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki aka kaita irin gidan nan, tsohuwar kullum roƙonta ɗaya a fitar da ita. Shine a farkon shekarun 1980 ita da mijinta suka buɗe wani gidan tsofaffi mai suna Park Place a birnin Portland, kuma abin da ta kafe a kai wallahi ba wani babba bane a ido, ƙofa mai makulli wadda tsoho ke riƙe da ɗan mukullinsa, ɗan kicin, kujerunsa na gida, in yana da kyanwa ya taho da abarsa, nas ma sai ta ƙwanƙwasa kafin ta shiga. Masu suka suna ta cewa ai haɗari ne, in ya faɗi a ciki fa? ita kuma tace gidansa ne.

Binta_Z:
Malam ka manta kamfanin gidajen tsofaffi na Sunrise, Paul da Terry Klaassen suka fara a Virginia a 1981, shi Paul a Holan yaga tsarin wajen kakanninsa.

Abu_Khalil:
Duk naji, amma ni fa gani nake 'yan kasuwa sun ƙwace abin. Shekarun 1990 kamfanoni suka yi ta gine-gine suna shiga kasuwar hannun jari, har kamfanin ita Wilson ɗin ya shiga a 1994. Kuma babu wata doka ɗaya ta tarayya, kowace jiha da nata ƙa'idar, shi yasa kowa ya fenti gininsa sai ya liƙa masa sunan assisted living. Medicare bata biyan kuɗin ɗaki, yawanci daga aljihu ne, dubban daloli duk wata. Sannan 'ya'ya ne ke zaɓar gidan ba tsohon ba, su kuma tambayarsu kar Baba ya faɗi, ba wai ko za'a barshi ya kwana kallon talabijin ba.

Ummu_Hanan:
Na gode sosai, Allah ya saka. Yaya Abu to wanda mantuwa ta kama shi sosai fa, nan zai ci gaba da zama ko sai an mayar dashi gidan jinya?

Abu_Khalil:
Ya danganta da jiha da kuma gidan, Hajiya. Wasu suna da sashe na daban don masu ciwon mantuwa, ƙofar waje a kulle take, kuɗinsa kuma yafi yawa. In jikin yakai ga buƙatar nas dare da rana to sai gidan jinya.